Mutanen da Iska Ke Haɗa Ka da Su a Tekun Legas

Jirgin filafilai mai tsawon mita 10 ba ya rufa wa kowa asiri. A tudu, idan mutum ya ishe ka, sai ka ce kana da uzuri ka kama gabanka. A ruwa kuwa, da zarar an kwance igiya daga jeti an fuskanci mashigin Commodore, to kai da shi sai la'asar sakaliya, gwiwa na gugar gwiwa. Tun 1932 da aka kafa kulob ɗin masu jiragen filafilai na Legas ake wannan sha'ani a bakin tashar nan, jirage sun sauya, igiyoyi sun koma na leda, amma ina kyautata zaton mutanen da ke ciki su ne dai na jiya.

Na farkonsu, kuma wanda na fi daɗewa a hannunsa, shi ne Kyaftin Tsawa. A tudu ba ka taɓa ganin salihi irinsa ba. Shi zai riga ka gaisuwa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi jakarka da hannunsa. Amma yana dafa sitiyari sai wani mutum dabam ya fito daga cikin rigarsa. Babban abin da ya bambanta shi da sauran masu faɗa shi ne ba ya kiran sunan igiya. Jirgi na da igiyoyi sun fi goma, kowace da aikinta, shi kuwa sunansu ɗaya a bakinsa.

"Ja! Malam, ja mana! Ba wannan ba, waccan! Waccan ɗin! Innalillahi, sake ta!"

Kowa ya san jirgin filafilai ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai ya kauce mata da kamar digiri 45, ya yi ta juyi hagu da dama har ya kai inda za shi. Wato a fita ɗaya za a juya sau da yawa, kuma tun daga nesa ake ganin lokacin juyin na tafe. Amma a wurin Kyaftin kowane juyi gobara ce da ta tashi ba zato. Zai yi shiru yana kallon sama har sai duwatsun katangar mashigi sun kusa, sannan ya kurma ihu, ya murɗa sitiyari, sandar bum ta wuce ta saman kawuna, wanda ke kan winci ya ruɗe igiya ta hau kan 'yar'uwarta ta cije. Daga nan sai wa'azi a kan matasan zamani.

Gwanintarsa ba ta cika sai an zo jefa anka a Tarkwa Bay. Uwargida na can gaban jirgi riƙe da sarƙa, shi yana baya, tsakaninsu mita 10 da iska mai kwashe magana. Shi yana cewa "Saki!", ita tana jin "Tsaya!". Ita tana cewa "Alhaji, bai kama ba!", shi yana jin an raina masa sana'a. Masu wanka a bakin yashi kan dakata su kalla, masu sayar da kwakwa ma sun haddace wasan. Ƙa'ida ita ce a saki sarƙa aƙalla ninki huɗu na zurfin ruwa, in igiya ce a ƙara. Kyaftin zai saki ninki biyu, jirgi ya soma ja da baya yana neman na maƙwabci, shi kuma ya ɗora laifin a kan yashin Legas, wai ba shi da riƙo. Da sun zauna minti biyar tun a jeti sun yi yarjejeniyar alamun hannu, da babu wanda zai ji kansu. Na taɓa ba shi wannan shawara cikin ladabi. Ya ce ai shi ba ya tsawa, ɗaga murya kawai yake yi saboda iska.

Abin da ke kashe ni da shi shi ne ƙarshen yini. An ɗaure jirgi, kowa ya yi tsit, hannaye sun yi kanta, sai salihin nan ya dawo cikin rigarsa yana murmushi: "Kai, yau mun ji daɗi wallahi! Asabar mai zuwa fa, kuna nan?" Duk wata sai ya nemi sababbin ma'aikata, kuma har yau yana mamakin yadda mutane ba su da juriya. Matuƙin ƙwarai, a nawa ganin, da wuya ka ji muryarsa daga wani jirgin. Yakan faɗi abin da za a yi minti biyu kafin a yi shi, ya kira mutum da sunansa, ya kira igiya da nata.

Akwai Injiniya, wanda ya zuba wa jirginsa na'urori har batir na kuka: taswirar allo, GPS biyu, AIS, agogon hannu mai faɗin cikar teku da janyewarta. Yana iya gaya maka sunan jirgin kwantenar da ke fitowa daga Apapa da tutar ƙasar da yake ɗauke da ita, amma bai ga kwalekwalen masuncin da ke gabansa ba, domin kwalekwale ba ya fitowa a allo. Doka ta 5 cikin dokokin kauce wa karo a teku na 1972 ta ce a yi tsaro da ido da kunne. Kishiyarsa shi ne Baba Na-Da, wanda ke ganin duk abin da ke cin batir lalaci ne, yana lasar yatsa ya ɗaga sama ya faɗi abin da iska za ta yi gobe. Haɗa su a jirgi ɗaya, ka sami wuri mai inuwa ka zauna.

Lauyan Ruwa ya haddace cewa jirgi mai inji ne ke ba mai filafili hanya, kuma a shirye yake ya mutu a kan gaskiyarsa. Bai karanta ya kai wurin da Doka ta 9 ta ce a ƙuntataccen mashigi kada mai filafili ya tare wa babban jirgin da ba shi da wata hanya sai tsakiyar mashigin ba. Jirgin dakon kaya ba shi da birki, kuma matuƙinsa ba ya ganin abin da ke daf da hancinsa. Matsayinka a gabansa shi ne na mai keke a gaban tirelar da ta taho daga Tin Can. In ka ji ƙaho gajere sau biyar, ba gaisuwa ba ce.

Baƙon Juma'a kuwa ina ƙaunarsa. An ce masa ya sa kaya marasa nauyi da takalmin roba, sai ga shi cikin shadda mai sitaci, da takalmi sau-ciki mai santsi, da hula zanna bukar wadda teku ke karɓa a juyin farko. Minti ashirin da tashi zai tambaya yaushe za a isa. In ka ce masa gudunmu not 5 ne, wato kamar kilomita 9 a awa, sai ya dubi injin da ke kwance ya dube ka: "Yallaɓai, mai ne babu? In saya." Ana yafe masa komai domin shi kaɗai ke zuwa da kilishi da dambun nama.

"Ni ba na jiri" shi ne ke cika cikinsa da waina da miyar taushe kafin a tashi, ya ƙi ƙwayar maganin jirin da ya kamata a sha tun awa guda kafin a hau, yana ba da labarin yadda ya ƙetare Kainji a tsaye. Cikin tashar ruwa lafiya lau. Ana wuce bakin katangun mashigin nan biyu, raƙuman Atlantika suka soma ɗaga jirgi suna saukewa, sai labari ya yanke a tsakiya. Zai nemi ya sauka ɗaki ya kwanta, wanda shi ne mafi munin abin yi. Zaunar da shi a iska, ya kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa, ko ka ba shi sitiyari ya riƙe. Kuma don Allah a nuna masa gefen da iska ke fita, ba wanda take shigowa ba.

Wanda ya toshe ban-ɗakin jirgi ba a taɓa gano shi ba. Kowa na rantsuwa bai jefa komai ba.

Ɗan Tsere ba ya fita shan iska. Duk filafilin da ya hango, ko na yara masu koyo ne, abokin gaba ne, sai ya kora kowa gefe guda a zauna a baki ƙafafu na lilo. A watan Afrilu, in hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, kowa ya san irin guguwar farkon damina da ke biyo shi, kuma a rage filafilai tun ana iya tsayuwa shi ne hankali. Shi sai ya ce, "Bari mu gani." Mukan gani kuwa.

Malam Liman, Allah ya saka masa, shi ke fama da alƙibla in an jefa anka, domin jirgi na juyawa da ruwa. Saboda haka shi ne mutum na farko da ke lura ruwa ya sauya, kuma sau da dama shi ke fara ganin anka ta saki. Ruwan tankin ne kawai ba ya jin daɗin alwalarsa.

Sai Mai Ƙetare Atlantika, wanda jirginsa ya shekara da shekaru a kan katako a tudu ana "ƙarasa gyara". Ya san Joshua Slocum ya zagaya duniya shi kaɗai daga 1895 zuwa 1898, ya san Robin Knox-Johnston ya yi kwana 312 a teku ba tsayawa ya dawo a 1969, ya san ayarin jiragen filafilai na ARC na tashi daga Las Palmas zuwa Saint Lucia kowane Nuwamba, tafiyar mil 2,700 na ruwa. Badagry ce dai bai taɓa kwana ba. Kusa da shi a kan benci za ka tarar da wani iri, wanda ba shi da jirgi ko na takarda, bai taɓa biyan kuɗin fenti ko na kankare ƙasan jirgi ba, amma duk Asabar yana jeti da jakarsa da ra'ayinsa. Yakan ci kilishin baƙo, ya sha tsawar Kyaftin, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sannan ya koma gida ya rubuta halin kowa a mujalla. Wannan kam ban ga laifinsa ba.

Duk waɗannan zan sake hawa jirgi da su gobe. Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai jirgin gudu na ranar Lahadi, mai inji biyu a baya da kiɗa da kwalba a hannu. Mu in ya wuce mu ya watsa mana ruwa, abin da za mu rasa bai wuce shayi da ya zube ba. Amma raƙumin ruwan da ya bari a baya yana isa har kan kwalekwalen masunci ɗan Makoko, wanda bakinsa bai fi taƙi ɗaya daga ruwa ba, da tarunsa da kifin da ya kwana nema, wani lokaci da ƙaramin yaro yana kwalfar ruwa. Shi ko waiwaye ba ya yi. A hancin jirginsa kuma ga 'ya'yansa ko na abokai suna lilo da ƙafafu, ba mai rigar ceto ko ɗaya, alhali fasinjan jirgin haya na Ikorodu ma hukumar LASWA ta wajabta masa sa ta. Yaron da ya zame daga nan ƙarƙashin jirgi zai bi, farfela na jiransa a baya, igiyar kashe inji da ya kamata a ɗaure a jikin direba kuwa tana rataye a jikin maɓalli. Magariba ta yi ya taho a guje ba fitila. Ka yi masa magana a jeti, ya dube ka sama da ƙasa ya tambaye ka ko ka san nawa ya sayi jirgin. Kyaftin Tsawa, da duk abin da na faɗa a kansa, bai taɓa barin yaro ya taka jirginsa ba tare da an ɗaure masa riga an ja maɗaurin an gwada ba. Irin wancan mai jirgin gudun kuwa ba na gardama da shi kuma. Lambar jirginsa nake rubutawa, da lokaci da wurin, in miƙa wa hukuma.