Baƙin Watari a Tsohuwar Jami'a

Idan ayarin mutanen Watari ya sauka a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, daura da ganuwar Kano wajen ƙofofin Kabuga da Dukawuya, ba a taku hamsin sai halin kowa ya fito fili.

Manomin rani shi ne gwanin ban dariya, kuma shi ya fi kowa gaskiya. Mutumin da ya saba auna ruwan madatsar Watari ta Bagwai da kwandon tumatir ba ya iya wuce furanni ya yi shiru. Sai ya tsaya, ya riƙe haɓa: "Yanzu duk wannan ba a ci?" Ya durƙusa, ya damƙi ƙasa, ya murza, ya yanke hukuncin cewa tana son takin gida. Kafin a kai masallaci ya gama raba filin a ransa: nan albasa, can masara, gefen katanga kuwa zogale. Takaicinsa ɗaya, ganin ana zuba wa ciyawa ruwa da gangan.

Tsohon ɗalibi kuwa ya naɗa kansa jagora ba wanda ya roƙe shi. Tarihin dai ya iya: an fara da Kwalejin Ahmadu Bello a 1960 cikin Makarantar Nazarin Larabci, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977 ƙarƙashin Dakta Mahmud Tukur, wanda babban zauren taron harabar ke ɗauke da sunansa. Inda ake rabuwa da shi kan darbejiya ne: kowace bishiya, wai a gabansa aka dasa ta.

Magini ƙwanƙwasa bango yake yi yana jinjina wa simintin da. A nuna masa ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara da jar ƙasa fiye da shekara 800 da suka wuce, sai ya ce ai kakanninsa ne.

Mai waya bai ga komai ba, amma ya fi kowa hoto.

Sai mai sabon takalmi, wanda ya saya musamman don zuwan. Tun a bakin ƙofa yake ɗingishi, yana neman inuwa. Kada wanda ya gaya masa cewa sabuwar harabar da ke hanyar Gwarzo ta ninka wannan girma, sai an sa shi cikin A Daidaita Sahu tukuna.