Yadda Ake Sayen Rigar 'Yan Ƙanƙara A Garin Da Ƙanƙara Sai A Zoɓo

Idan sanyin Disamba ya sauka Nguru, har masunta suka fara nawar tura kwalekwale da asuba, to lokacin fasa dilar gwanjo ya yi. Tsuguna ka tona da kyau. Can ƙarƙashin suwaitoci za ka ci karo da wata jibgegiyar riga mai dogon hannu, da ratsi a gindi da gwiwar hannu, da tambari kamar faifai a ƙirji. Mai gwanjo zai rantse maka jesin Chelsea ce ta bara. Kada ka musa masa. Kai dai ka sani a ranka rigar ƙwallon gora ce ta kan ƙanƙara, wasan mutanen Kanada, wanda babbar gasarsa, NHL, ta fara tun 1917. Ƙanƙarar da muke layin saye da azumi, a kanta su suke tsere da takalmi mai wuƙa a ƙasa.

Kada ka wahalar da kanka neman daidai jikinka, babu ita. An ɗinka ta ne don a ɗora a kan sulken kafaɗa da ƙirji, saboda haka ko ƙaramar cikinsu za ta haɗiye mutum biyu irinmu, komai burabuskon da suka ci. Ɗauke ta a matsayin babbar riga da aka manta ba a yi wa aiki ba, ka koyi saɓa hannunta a kafaɗa kamar mai shiga fadar Mai Bade.

Sai maganar yadi, inda ni na sha kashi. A da da ulu ake saƙa ta, shi ya sa har yau mutanen Kanada suwaita suke ce mata. Ta zamani kuwa yadin roba ce mai ƙananan huji, don gumin ɗan wasa ya samu hanyar fita. Ni na ɗauka abin da ya zo daga ƙasar ƙanƙara ba sanyin da zai ratsa shi. Na zura ta ita kaɗai, na haye bayan a-kori-kura da sassafe zan tafi Gashuwa. Kafin mu kai Jajimaji iska ta gama ƙirga hujin nan ɗaya bayan ɗaya, haƙorana suna ta kiɗan kalangu. Da na sauka, mai shayin tasha ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yallaɓai, gidan sauro ka sako?" Don haka ka sa suwaitar gaske a ciki. Kuma kada ka matsa kusa da tukubar mai tsire don jin ɗumi, tartsatsi ɗaya zai ƙara maka taga.

A gasar NHL, tun 2003, masu masaukin baƙi ne ke sa launi mai duhu, baƙi su sa fari. Kai a gida kake, bar fari. Hazon kwana biyu zai mayar da shi launin kunun kanwa.

Tambari shi ne inda ake bukatar natsuwa. Ja mai harafin C da H a ciki ta Montreal Canadiens ce, ƙungiyar da aka kafa a 1909, ba ruwanta da kowa, saya. Shuɗiyar Toronto Maple Leafs tana da kyau, sai dai ganyen da ke ƙirjinta. Na bishiyar da ganyenta ke tutar Kanada ne, amma ka tanadi wannan bayani tun kafin a tsayar da kai a shingen hanya, domin wasu ganin ganye mai yatsu kawai suke jira. Idan masunci ne kai, nemi ta San Jose Sharks, mai kifin da ya gartsa wa sanda cizo ta karye. Sa ta ranar bikin kamun kifi na Bade, duk wanda ya tambaya ka ce giwan ruwan Amurka ne. Ta Pittsburgh Penguins akwai wahalar bayani: tsuntsu ne da ba ya tashi, kuma ba ya cikin baƙin da ke saukowa Dagona daga Turai, ba wanda zai yarda da kai. Wadda za ka ajiye ka wanke hannu ita ce ja da baƙi ta New Jersey Devils, mai harafi da ƙaho da jela. Sunan yana nufin shaiɗanu. Ranar da wani ɗalibin jami'ar Gashuwa ya fassara wa surukinka, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Idan ka ga lamba 99 da sunan ɗan wasa Gretzky a baya, riƙe gam. A 2000 aka hana kowane ɗan wasa a gasar sake sa wannan lamba don girmama shi. Hanin bai iso Yobe ba.

Kafin ciniki, juya rigar ka duba cikinta ta baya. In ka tarar da wata 'yar igiya mai maɓalli an ɗinke ta a can, to ka samu ta ainihi. Aikinta a maƙale ta a wando don kada abokin faɗa ya tuɓe maka riga ta ka, domin a wasan nan ana kai wa juna naushi, hukuncin kuma zaman minti 5 a benci. Sabuwar irinta ta haura dala 200. Nan ne za ka ɗaure fuska, ka nuna wa mai gwanjo igiyar ka ce, "Haba ɗan'uwa, dubi tela ma bai gama aikinsa ba." Taya rabin abin da ya faɗa, ka yi kamar za ka tafi. Zai kira ka.

Sai ka mori abarka zuwa ƙarshen Fabrairu. Da zarar Afrilu ya kawo zafinsa na sama da digiri 40, ninke ta ka sa a ƙasan akwati, don kada 'yan uwa su fara neman mai ruƙiyya.