A'a Alhaji, Ba Masallaci Na Shiga Ba

Na san halinku, 'yan gardama. Mutum ya tsallaka ƙetare ya aiko da labari, kafin ku kai ƙarshen layi kun fara taɓe baki kuna cewa, "Malamin makaranta ai ba ya rasa ta cewa." To ku gyara zama, don na yau ya fi na baya wuyar haɗiya. A Addis Ababa, inda nake koyarwa, ranar 25 ga Disamba ranar aiki ce tsaf. Ɗalibai cike da aji, alli a hannuna, babu mai ce mini ko barka. Kirsimetinsu sai 7 ga Janairu, Genna suke ce mata.

Na jiyo wani daga bakin zaure yana cewa sun makara. Ba su makara ba, kalandarsu ce daban. Wata 13 gare su: 12 masu kwana 30, sai ɗan autansu Pagume mai kwana 5, wata shekarar 6. Sabuwar shekara tana kamawa a watan Satumba, kuma suna bayanmu da shekara 7 zuwa 8. Bikin shiga shekara ta 2000 ma a Satumban 2007 suka yi abinsu. Duk ma'aikacin da ke zarya kotu yana rantsuwar rage shekaru don gudun ritaya, ya zo nan a zaftare masa bakwai kyauta, ba lauya ba hatimi. Agogo ma nasu daban ne. In aka ce maka sujada ƙarfe ɗaya, bakwai na safe ake nufi, domin daga wayewar gari suke fara ƙirga.

Masu tambayar me ya kai Bahaushe koyarwa Habasha, tun 1987 Najeriya ke tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karebiyan na shekara biyu-biyu a shirin TAC. Masu cewa "Bahaushe da coci kuma?" su leƙa Wusasa su ga cocin ginin ƙasa da ke tsaye tun 1929, su dawo mu ci gaba.

Tsohon da nake haya a gidansa ɗan Cocin Otodoks ne. Jajibirin Genna ya yafa mini farin mayafin saƙi, ya ce mu tafi. Tun daga ƙofar harabar na ga mutane suna sumbatar bango suna kai goshi ƙasa. A bakin ɗakin ibada takalma ne tsibi guda, kowa ya cire nasa. Maza gefe, mata gefe da lulluɓi, kowa fari fat. Kujera babu. A tsaye ake kwana, sai doguwar sanda mai ƙaho da tsofaffi ke tokare haɓa ko hammata da ita in ƙafa ta fara rawa. Limamai suna rera addu'a da Gi'iz, harshen da ba mai cinikin tumatir da shi yau, ana buga wata ƙatuwar ganga a hankali, dum, sai a jira, dum. Hayaƙin turare har yana sa hawaye. Tsakar dare ta wuce da nisa kafin aka sallame mu.

Da na ba abokina na Kantin Kwari wannan labari, dariya ya yi har da tari. Ya ce, "Malam, masallaci ka shiga ba ka sani ba." A'a Alhaji, gicciye ne a saman ginin, da idona na gani. Ban ma gaya maka lasifikarsu da ke tashin unguwa tun kafin asuba ba, da cewa ba sa cin naman alade. Kai da ka sha jin tarihi a wurin karatu, ka manta ƙasar da Musulmin farko suka yi hijira zuwa gare ta wajen shekarar 615? Sarki Najashi da ya karɓi su Ja'afar ɗan Abu Ɗalib, Kirista suka same shi, mai mulkin Kiristoci. Jikokin waɗannan mutane ne na kwana tsaye a cikinsu.

Sai kuma nawa mutanen. Baba Dattijo na ikilisiyarmu ya aiko saƙo da muryar nan tasa ta taron majalisa: "Ɗana, turare da sumbatar bango, anya ba ka saki hanya ba?" Ranka ya daɗe Baba, hanyar ta girme mu. Sarki Ezana na Aksum ya karɓi addinin Kirista a ƙarni na 4. Su Bingham da suka kawo mishan ɗin SIM, wanda ya haifi ECWA ɗinmu, sai 1893 suka sauka Legas. Ka lissafa tazarar da kanka, ni ba malamin lissafi ba ne. Amma ka kwantar da hankalinka, ranar Lahadi a Kale Heywet nake sujada, kuma SIM ɗin nan dai ce ta kafa tushenta bayan ta shigo Habasha a 1927. Uwarmu ɗaya ke nan. Akwai benci, akwai jita, akwai wa'azin da ba ya ƙarewa, baiko ma ba a mantawa. Sai dai a nan mu ne ake yi wa kallon 'yan bana-bakwai, "Pente" suke kiranmu, wani lokaci har da ɗan taɓe baki.

Maganar azumi kuwa, a nan ne nake so kowa ya yi shiru. Kafin Genna kwana 43 suke yi, kafin Ista 55, ga Laraba da Juma'a kusan duk shekara. Ba nama, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, masu riƙo da gaske kuma ba sa sa komai a baki sai wajen ƙarfe 3 na rana. A babban azumi mahauta da yawa rufe shago suke yi su tafi hutu. Ku 'yan'uwana masu azumin shida zuwa sha biyu, ana buɗe baki da sakwara, ban kama suna ba. Kai ma Alhaji da ke cewa Kirista bai san ƙishirwa ba, ka saurara haka.

Wanda ya yi kwana 43 yana cin miyar garin wake da kabeji, ka san ranar buɗe baki ba sauƙi. Da sassafe maƙwabta suka kayar da sa, aka kasa shi kashi-kashi a kan ganye, kowa ya ɗauki rabon kuɗin da ya zuba. Watanda dai sak, su kircha suke cewa. A gida uwargida ta kwana tana soya albasa, tuli guda, har ta narke ta zama miya, aka zuba jan yajinsu da man shanu, kaza gunduwa 12 da dafaffen ƙwai, aka juye a kan injera, wainar nan mai faɗi da tsami. Ina cikin ci sai tsohon ya dunƙula loma ya nufo bakina da ita. Ƙato da ni, da furfura a gemu, aka ba ni a baki, kuma ƙin karɓa cin fuska ne. Ɗanyen nama da suke yanka suna dangwala yaji ne kawai na ce a kai kasuwa. Shagon mahauci kuwa kana ganin gicciye ko jinjirin wata a jikinsa, domin kowane ɓangare yankan nasa yake ci, a biki ma akan yanka wa kowa nasa.

Mama ta Zumuntar Mata ta damu wai ina cin Kirsimeti ba shinkafa. Mama, biyu nake ci. Daren 25 ga Disamba, bayan an tashi aiki, mu 'yan Najeriya mukan haɗu a ɗakin wani mu girka dafa-duka, mu yi waƙoƙinmu na gida, mu yi musu da 'yan Ghana kan wa ya iya tukunya. Bayan mako biyu a sake sabon lale.

Duk da haka ba a gama ba. Ranar 19 ga Janairu sai Timkat, tunawa da baftismar Yesu a Kogin Urdun. Tun jajibiri limamai kan ɗauko tabot a ka, wato kwaikwayon allunan akwatin alkawari, a lulluɓe da zane mai ado, ƙarƙashin laimomi kala-kala, a raka su filin Jan Meda da kiɗa da guɗa. In an albarkaci ruwa sai a jona tiyo a yi ta fesa wa jama'a, a garin da ke sama da mita 2,300, da sanyin safiya mai shiga ƙashi. UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya a 2019, ga masu son hujja mai hatimi.

Kai kuma Alhaji, sau nawa ka taso daga Kano ka yada zango a filin jirgin Bole kan hanyar Guangzhou, ka yi barci a kujera ba ka ko leƙa waje ba? Tafiya ta gaba ka daidaita ta da Janairu. Ka riƙo rigar sanyi, ka kuma ce wa Hajiya ta ƙullo mini daddawa da kuka, don su ne babu a garin nan.