Majinyacin da Ake Farfaɗowa Duk Zaɓe

Da kakar zaɓe ta kama, sai ɗan takara ya tuna da Sharaɗa, Challawa da Bompai, ya hau dandamali ya rantse zai farfaɗo da masana'antu. Tun zamanin shirin tattalin arziki na SAP na Babangida a 1986 ake ta farfaɗowar nan, har yau majinyacin bai tashi zaune ba. Wajen raɗa wa hukumar lantarki suna kam an yi ƙoƙari: NEPA ta koma PHCN a 2005, a 2013 aka miƙa mu hannun KEDCO. Janareto dai ba wanda ya sanar da shi, dizal ɗinsa yake sha. Wasu masaƙun sun koma ma'ajiyar atamfar Sin, amma katangarsu doguwa ce, tana cin fosta da yawa.