Na Je Noman Tumatir, Na Dawo da Tubali

Unguwarmu tsohuwar fadama ce, don haka bayan gidana baƙar laka ce zalla. Da damina ruwa ya kwanta, kwaɗi su hana kowa barci, wanda ya taka kuma sai ya baro takalmi a can. Da rani ta bushe ta tsattsage, ka sara fartanya ta dawo maka. A nan na ƙudura sai na ci tumatir na kaina, tunda kuɗin kwando ya fara taɓa zaman lafiyar gidana.

Shawara dai ban rasa ba, don a majalisarmu kowa malamin gona ne bayan isha'i. Wannan ya ce yashi, wancan ya ce farar ƙasa, wani ya ce takin zamani, wani ya rantse sai ciyawa. Ni ba na son ɓata wa kowa rai, sai na kwashi duka.

Aka kawo yashi a baro, na tattaro busasshiyar ciyawa, na saki ruwa har wurin ya jiƙe sharkaf, na naɗe wando na shiga ina cakuɗawa da ƙafa. Ina cikin haka maƙwabcina, dattijon da ya tsufa yana gini, ya leƙo ta katanga.

"Sannu da aiki, Malam. Ɗaki za a ƙara?"

"A'a Baba, lambu ne."

Ya daɗe yana kallon ƙafafuna. "To, Allah ya sa albarka. Amma kwaɓin nan ya yi kyau ƙwarai."

Maganar magini ce kuwa. Ƙwayar laka ba ta kai milimita 0.002 ba, ido ba ya ganinta, sai ta cike duk wata kafa da ke tsakanin ɗan yashin da ka zuba. Tattaka ta tana jiƙe kuma ya kore sauran iskar da saiwa za ta shaƙa. Rana ta bi ta kai ta gasa mini abina.

Sai na juya kan farar ƙasa. Na sayo irin wadda ake shafa wa bango, na haɗa da NPK 15-15-15 da yuriya a kwano guda, na yayyafa ruwa don su san juna. Wani zarni ya tashi har da sa hawaye. Uwargida ta fito da gefen mayafi a hanci.

"Maigida, masai ce ta fashe?"

"Ilimi ne," na ce, ina tari.

Da malamin gona na gaske ya zo, shi ya fassara mini warin. Farar ƙasa in ta haɗu da irin wannan taki, sinadarin naitirojin da ke sa ganye kore sai ya tsere ya bi iska, ga shi kashi 46 cikin 100 na yuriya shi ne. Wato kuɗina ne duk unguwa ta shaƙa. Ya ƙara da cewa aikin farar ƙasar gona rage tsamin ƙasa, kayan lambu kuma sun fi son awon tsami, wato pH, tsakanin 6 da 7. Ya auna tawa, babu tsamin da za a rage.

Ya ce in ɗaga kunya, in zuba ruɓaɓɓen kashin shanu, in lulluɓe saman da abin da zai tsare laima, in kuma daina hawa kai. Ni da son burgewa na lulluɓe da harawa. Kafin la'asar awakin unguwa sun zo ta'aziyyar lambun, ba su bar ko tsinke ba.

Na koma ɓuntun shinkafa da karan dawa, sai ga gara. Na ɗauko magani, malamin ya riƙe hannuna, wai ramukan da take haƙawa su ke shigar da ruwa cikin ƙasa. A duk ma'aikatan lambun nan ita kaɗai ba ta nemi lada ba.

Tumatir ya fito a kan kunyoyin, har uwargida ta daina aike kasuwa na ɗan lokaci. Ɓangaren da na tattaka kuwa ko ƙaya ta ƙi tsirowa a kai. Duk mai buƙatar tubali ya zo ya ɗiba kyauta, amma ya taho da digarsa.