Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma BIOS

Ranka ya daɗe, Sarkin Ƙofa, wanda ba a ganinsa sai an yi ta dukan maɓallin Delete,

Daren jiya na zo gabanka da 'yar buƙata. Sabuwar kwamfuta ce na haɗa da hannuna, furosesa mai harafin K a ƙarshen suna, babban allo na jerin Z, wato waɗanda aka halatta a ƙara wa gudu. Lissafin ma ɗan firamare zai yi shi: agogon tushe megahaz 100, a ninka sau 50, a samu gigahaz 5. Ni 52 na roƙa. Na danna F10, na ce a ajiye.

Sai sikirin ya yi baƙi ƙirin. Fankoki na juyawa, fitilu na ta ado, kai kuwa ko uffan.

Wannan shirun naka shi ne ƙarata. Da ka ce lantarki ya yi wa furosesa kaɗan, ai da na ƙara masa ɗan kaɗan. Da ka ce RAM ne ya ƙi, da na sassauta. Ko Windows, duk da halinsa, idan zai faɗi yakan rubuta dalili a sikirin. Kai fa? An ce DDR5 yakan ɗauki mintuna yana daidaita kansa bayan wasu canje-canje, kuma duk lokacin nan sikirin baƙi ne. To ta ina mutum zai bambance mai tunani da wanda ya suma? Haka na zauna kamar mai jiran likita a ƙofar ɗakin tiyata, yatsa a kan maɓallin kashewa, ina tsoron dannawa.

Kuma dubi hanyar lallashinka! A zare wayar wuta, a kwance murfi, a durƙusa da tocilan a baki ana neman wani batir mai faɗin kwabo, CR2032, a ɓamɓaro shi da farce. Ko a haɗa wasu 'yan ƙusoshi biyu da bakin sukundireba. Daga nan sai ka farka kana tambayar kwanan wata. Ka manta saitin fanka, ka manta XMP, RAM ɗin da aka saya da alkawarin 6000 ya koma 4800 yana tafiyar hawainiya. Haba! Wannan ai rainin hankali ne. Layi ɗaya tak kake iya rubutawa, cewa ƙarin gudu ya gaza, a danna F1. Wa bai sani ba?

Sauran laifuffukanka ba zan tsaya a kansu ba. Idan aka bar maka lantarki a Auto, ɗura shi kake yi ba awo, alhali zafi yana hawa fiye da yadda lantarkin ke hawa, har furosesa ya doshi digiri 100 ya rage gudu da kansa. Manhajar gwaji Prime95 na can tana jira ta gasa shi sa'o'i kafin a yarda ya tsaya da ƙafafunsa. Furosesa biyu masu suna ɗaya, kuɗi ɗaya, wani ya haura wani ya ƙi. Wai sa'a ce. Garanti kuma, ana taɓa lambar ninkawar nan ya fara tattara kayansa.

Buƙatata ɗaya ce: idan za ka ƙi, ka buɗe baki ka faɗi abin da ka ƙi. Kuma a gaya wa wanda ya ɓoye batirin nan a ƙarƙashin katin hoto cewa ina nemansa.