Ƙwallon Nama Ba Ya Kwana a Unguwar Rogo

Wata sabuwar dabara ta shigo ɗakunan girkinmu ta cikin waya, kuma ina so in yi mata gardama tun ba ta cinye wa mutane kuɗin cefane ba. Ga yadda take: uwargida ta sayo naman shanu mai yawa rana guda, ta niƙa, ta haɗa da albasa da tafarnuwa da ƙwai da garin busasshen burodi, ta cura shi kamar fura, ta jera a firiza. Daga nan, in ji masu koyarwar, ta huta wata uku. Duk ranar da gajiya ta kama ta sai ta ciro kaɗan ta jefa a miya, kafin shinkafa ta tsotse abinci ya sauka. A bidiyo abin gwanin sha'awa. Mai nunawar tana ta murmushi, ba ɗigon gumi a goshinta, ba yaro ko ɗaya da ke leƙen kasko. Ni kuwa na ce in aka kawo dabarar nan Unguwar Rogo ta Sakkwato, ƙarshenta ɗaya ne cikin biyu: ko a cinye naman bai ga firiza ba, ko firizar ta ci amanarsa. Ƙwallon nama akwai daɗi, ban musa ba. Amma ba abin ajiya ba ne a garin nan, kuma da hujjata na zo.

Mu fara da lissafi, don shi ba ya jin kunyar kowa. Kilo guda na tsoka, in aka cura kowane ƙwallo a kan giram 30, ƙwallo 33 ke nan. Waɗanda suka ƙago tsarin suna da gidan mutum huɗu a ransu: miji da mata da yara biyu. Mu nan gidan da ke ciyar da baki goma ba a ma kiransa babban gida. A ba kowa uku, talatin sun tafi. Biyu na maigida ne, don ba za a daidaita shi da yara ba. Ɗayan kuma tuni mai girki ta ɗanɗana gishiri da shi. To me za a daskarar? Wadda ke son ajiyar wata uku ba kilo za ta saya ba, sai dai ta wuce Kara ta taya bokolo. Ga kuma rundawan Kasuwar Daji, waɗanda ribarsu ke cikin haɗa tsoka da ƙashi da jijiya. Ka ce tsoka zalla kake so, barunde ya dube ka sama da ƙasa ya gyara farashi. A gida kuma jijiyar da ta kuɓuce ta naɗe bakin bilenda, ya yi kukan ƙarshe, ƙaurin roba ya tashi. Sai a aiki yaro da naman wurin mai injin markaɗe, ya bi layi bayan waken ƙosai.

A ce an tsallake wannan, an cura, an ɗora mai. Yanzu ƙamshi zai yi nasa aikin. Gidajenmu katanga ɗaya ke raba su, ƙamshin naman da ya ji tafarnuwa kuwa ba ya neman izinin ƙetarawa. Kaskon farko bai sauka ba za a ji sallama: “Hajiya, ina wuni? Mi aka soyawa haka?” Wuta ta zo ɗiba, in ji ta, ko aron rariya. Wace uwargida ce za ta dubi idon maƙwabciyarta ta ce, “Yi haƙuri Yaya, wannan na watan gobe ne”? Ba a haife ta ba. Sai kwanon Gwaggo, sai na suruka, sai na mai jego da ke bayan gida, sai almajirin da ya ɗebo ruwan wanke naman, sai abokan maigida da ke zaure bayan isha'i, waɗanda ba su taɓa kuskuren ranar suya ba. Ban ga laifin kowa a nan ba. Da haka unguwa ke zama unguwa. Illar ƙwallon nama ita ce a ƙirge yake. Miya ana ƙara mata ruwa ta ishi kowa, shi kuwa duk wanda aka ba ya san guda nawa aka ba shi, ya kuma san nawa aka kai gidan gaba.

Za a ce mini, to ai ba dole ne a soya ba, a sa shi ɗanye a firiza, ba ƙamshi ba sallama. Nan ne aka gudu daga ƙaramar matsala aka faɗa babba. Yankan nama guda, ƙwayoyin cuta a bayansa suke zama, da ya ji wuta sun mutu. Niƙaƙƙen nama kuwa an riga an cuɗa bayan da cikin, ga ɗanyen ƙwai, ga hannun da ya cura. Shi ya sa masana lafiyar abinci ke cewa sai zafin tsakiyarsa ya kai digiri 71 sannan ya dahu, kuma kada ya wuce awa biyu a waje. In zafin gari ya haura digiri 32 ma, awa guda kacal. Digiri 32! A Sakkwato cikin Afrilu, ranar da ma'auni ya tsaya a nan sai a ce gari ya yi sanyi, don mun saba ganin ya haura 40. Awa gudan nan kuwa ta ƙare tun a kan kabu-kabu, tsakanin mahauta da layin inji.

Ita firizar sharaɗinta shi ne ta zauna a digiri 18 ƙasa da sifiri, dare da rana. Ana jera ƙwallayen a faranti, kowanne nesa da ɗan'uwansa, sai sun yi tauri a juye a leda. Wannan yana son wuta ta tsaya awanni a jere, a garin da yara ke ihun murna in an kawo ta. Abin da ke faruwa kowa ya sani. An jera, an rufe, an ɗauke wuta. Ƙwallaye su saki jiki, su jingina da juna, su yi zumunci. Can tsakar dare wuta ta dawo ta daskarar da su a haka, gari ya waye da dunƙule guda, sai an sa masa taɓarya. Wannan ma mai sauƙi ne, asarar siffa ce kawai. Mai haɗarin shi ne naman da ya narke ya ɗumama ya sake daskarewa, ka buɗe ka gan shi tsaf da farin ƙanƙara a kansa, ba ya gaya maka inda ya kwana. Sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, barci yake sa su, kuma kowace ɗaukewar wuta farkawa ce. Akwai dabarar gane haka: a daskarar da ruwa a kofi a ɗora kwabo a kai, in an tarar ya nutse to firiza ta narke a bayan ido. Inda za a samo kwabo a Najeriyar yau shi ne aiki. A sa ɗan ƙaramin dutse. Hukumomin abinci na Amurka sun ce cikakkiyar firiza tana riƙe sanyi awa 48 ba wuta, rabin cika kuma awa 24, muddin ba a buɗe ba. Muddin ba a buɗe ba, a gidan da kowane yaro ke neman ruwan sanyi! Kuma wanda ya ga duhun da ya biyo bayan gobarar tashar wuta ta Birnin Kebbi a Satumbar 2023 ya san ɗaukewar wuta ba ta yi wa kowa alkawarin dawowa cikin awa 48 ba.

Sai masu cewa a tayar da janareta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura dubu kafin ƙarshen 2024. Wanda ya shayar da firiza fetur wata uku don ƙwallo talatin, ya ci nama mafi tsada a jihar. Masu sola kam, na yarda sun fi ni hujja, rana kam muna da ita har ta yi yawa. Sai dai a leƙa firizar gidan mai sola: ƙanƙarar sayarwa ce da zoɓo da kunun aya, musamman da azumi, kowane lungu kuɗi yake kawowa, ba za a tashi mai biyan haya a zaunar da ɗan cin kyauta ba. Kai ajiya firizar maƙwabta kuwa, baƙar leda duk kamarsu ɗaya. Ki kai ƙwallon nama, ki aiki yaro ya dawo miki da gandar wani gida.

Gardamar da na fi girmamawa ita ce ta matar da ke fita aiki: malamar makaranta, nas mai kwanan asibiti, ɗalibar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo mai goyo. Buƙatarta gaskiya ce, kuma ba da dariya za a sallame ta ba. Amma a duba inda sana'ar daskarar da abinci ta zamani ta samo asali. Clarence Birdseye, Ba'amurken da ya kafa sana'ar daskararren abinci a shekarun 1920, a Labrador ta ƙasar Kanada ya ga kifi na daskarewa da an ciro shi daga ruwa, sai ya nemi injin da zai kwaikwayi sanyin can. Namu yanayin zafi ne da bushewa, kuma kakanninmu da shi suka yi aiki. Ƙwayoyin cuta ruwa suke nema. Firiza kulle ruwan take yi a cikin naman, don haka sai da mai gadi, wato wuta. Kilishi da dambun nama da soyen layya kuwa korar ruwan suke yi. A tafasa tsokar nan da albasa da citta da kanumfari har ta yi lugub, a daka a turmi, a soya sai ta bushe ƙarau: ga abin da zai yi makonni a rufaffen kwano, ba jiran narkewa, a barbaɗa a shinkafa da mai, a cusa a burodin ɗan makaranta. Mai son yanka a miya kuma ta soya naman ya soyu sosai, ta jefa lokacin da ta so.

Ba zan ɓoye ba, shi ma dambun yana da nasa maƙiyan, kuma a cikin gida suke. Ba a ƙirga shi, saboda haka kowa na iya tsakura ya baje saman ya maida murfi, sai maiƙon yatsa ya tona asiri in an yi saurin kamawa. Kwanon da aka yi wa lissafin wata guda yakan ga ƙasansa cikin mako, kowa kuma ya rantse ko hanyar ɗakin bai bi ba. To amma maganin wannan kabad ne da kwaɗo, makullin a ɗaure a bakin zanen uwargida, ko barci take yi.